Kafin ka mayar da komai MP4: yadda ake tsara rumbun fina-finan gida

Kwanakin baya wani ƙanena ya zo min da had-dis ɗinsa mai cin tera biyu, ya ce in taimaka in mayar masa da duk abin da ke ciki MP4. Sabuwar talabijin ya saya, ya jona mata had-dis ɗin, sai abu ya rikice masa. Wannan fim ya buɗe lafiya lau, wancan ga hoto babu murya, wani ga murya amma allo baƙi ƙirin, wasu kuwa ko sunansu talabijin ɗin ba ta nuna ba. Da na buɗe a kwamfuta sai na tarar da tarin shekara da shekaru: fina-finan Hausa na zamanin faifai, na Indiya da fassararsu, na Amurka, masu dogon zango, tafsirin azumi, da bidiyon bukukuwan gidanmu, duk a cakuɗe kamar kayan gwanjo. Wani fayil sunansa AVSEQ01.DAT, wani VTS_01_2.VOB, wani VID-20190811-WA0004.mp4, wani kuma "sabon fim 2".

Na ce masa ba zan mayar ba. Da na biye masa, da kwamfutar ta yi kwana da kwanaki tana aiki, kowane fim ya fito da hoton da bai kai na asali ba, kuma a ƙarshe "sabon fim 2" yana nan da sunansa, babu wanda ya san ko wane fim ne. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Matsala biyu ce ta haɗe masa ya ɗauke su ɗaya: akwai ta na'urar da ba ta iya karanta wasu fayiloli, akwai kuma ta rashin tsari. Ta farko tana da magani mai sauƙi, kuma fayiloli kaɗan ne kawai take shafa. Ta biyun ita ce babba, kuma ba ruwanta da ko fim MP4 ne ko AVI.

Sai an fara fahimtar abu ɗaya kafin sauran su zauna. Haruffan nan da ke bayan ɗigo a sunan fayil, irin su mp4, mkv, avi, mov, sunan mazubi ne kawai. Kwano ne. Abin da ke cikin kwanon daban: akwai hoton bidiyon kansa, akwai sauti, wani lokaci sauti biyu ko uku, akwai rubutun fassara, akwai alamomin babi. Hoton da sautin kuma kowanne an matse shi da wata dabara don kada ya cinye wuri, ita wannan dabara ake kira kodek. Na'ura kafin ta kunna fim sai ta iya buɗe kwanon, ta iya warware kodek ɗin hoto, ta kuma iya warware na sauti. Ɗaya ya gagare ta, sai ka ga abin da ƙanena ya gani. Shi ya sa fayil biyu duk MP4, ɗaya ya buɗe ɗaya ya ƙi: kwano iri ɗaya, abincin ciki daban. Shi ya sa kuma wanda ya goge avi a ƙarshen suna ya rubuta mp4 bai canza komai ba, lakabin jikin kwano kawai ya sauya.

Kowane kodek yana da zamaninsa, kuma duk wanda ya daɗe yana tara fina-finai a ƙasar Hausa za ka samu kusan duk zamunnan a had-dis ɗinsa. Faifan VCD da ya gaji kaset a kasuwanninmu yana amfani da MPEG-1, faɗin hotonsa 352 da 288 kacal, kuma faifai ɗaya ba ya wuce minti 74 zuwa 80. Fayilolinsa su ne masu DAT ɗin nan da ke cikin folda mai suna MPEGAV. DVD ya zo da MPEG-2, hoto 720 da 576 a tsarin PAL da muke bi, faifai mai shimfiɗa ɗaya yana cin giga 4.7, mai biyu 8.5. Shi kuma yana daddatsa fim zuwa fayilolin VOB da kowanne ba ya wuce giga ɗaya, shi ya sa fim guda kake ganinsa gida huɗu ko biyar. Daga nan aka shiga zamanin DivX da Xvid, waɗanda yawanci a mazubin AVI suke zuwa, mazubin da Microsoft ya fito da shi tun 1992. Sai 3GP na ƙananan wayoyi, lokacin da ake tura fim a memori mai giga ɗaya ko biyu, hoto duk ya dagule amma ana kallo ana jin daɗi.

H.264, wanda aka kammala a 2003, shi ne ya zama gama-gari. Da wuya yau ka samu waya ko talabijin ko dikoda mai ramin filas da ba ta san shi ba. Bayansa H.265 ya zo a 2013, ana kuma kiransa HEVC, da nufin ba da hoto mai kyau iri ɗaya a kusan rabin girman fayil, kuma shi ne yawancin fina-finan 4K ke amfani da shi. Google yana da VP9, sannan a 2018 wata gamayyar manyan kamfanoni ta fito da AV1. Waɗannan biyun su ne YouTube ke yawan amfani da su. Ƙa'idar da mutum zai riƙe a nan ita ce, sabon kodek yana tsimin wuri amma yana buƙatar sabuwar na'ura, tsoho kuma yana cin wuri, wani lokaci ma sababbin talabijin sun daina karɓarsa. Akwai na zamani da ba sa kunna Xvid ko kaɗan.

A ɓangaren mazubi, biyu ne suka rage da amfani ga mai tara fina-finai. MP4 kowa ya san shi, kusan kowace na'ura tana buɗe shi, amma bai cika sakewa da nau'o'in rubutun fassara ba. MKV, wanda cikakken sunansa Matroska, an fara shi a 2002, shi kuwa babban masaki ne: kusan duk kodek ɗin da ka zuba masa zai ɗauka, da sauti komai yawansa, da rubutun fassara na harsuna da dama, kowanne da lakabin harshensa. In dai don ajiya ne a gida, ni MKV nake fifitawa. In kuma fim ne da za a riƙa turawa wayoyin mutane ko a sa a filas a kai gidan wani, MP4 mai H.264 da sautin AAC ya fi zama lafiya.

To yanzu sai bambancin da ya fi kowane muhimmanci, wanda rashin saninsa ya sa mutane da yawa suka lalata fina-finansu da hannunsu. Akwai juyewa, akwai sake matsewa. Juyewa shi ne a ɗebe hoto da sauti yadda suke daga wannan mazubi a zuba a wancan. Ba a taɓa ingancin ko ƙwayar zarra ba, kuma minti ɗaya ko biyu ya isa. Manhajar MKVToolNix aikinta ke nan, MakeMKV kuma tana ɗaukar faifan DVD ta haɗe daddatsattsun VOB ɗin nan su zama fayil guda, FFmpeg ma yana yi ga wanda bai tsoron rubuta umarni. Sake matsewa kuwa shi ne a warware hoton gaba ɗaya a sake ƙulle shi da wani kodek, kuma duk lokacin da aka yi haka sai an zubar da wani abu daga cikinsa wanda ba ya dawowa. Wanda ya yi zamanin kwafar kaset daga kaset ya san yadda kwafi na uku da na huɗu ke fitowa, launi ya koɗe, fuska ta yi dishi-dishi. HandBrake manhaja ce mai kyau kuma kyauta, amma a sani cewa duk bidiyon da ya shiga cikinta sake matse shi take yi. Yawancin manhajojin waya masu cewa suna canza bidiyo su ma haka suke yi, ba tare da sun gaya maka ba.

Saboda haka idan fim ya ƙi buɗewa, kafin a yi masa komai a duba cikinsa. Akwai ƙaramar manhaja kyauta mai suna MediaInfo da za ta faɗa maka mazubin, kodek ɗin hoto, na sauti, da girman kowanne. VLC, manhajar kunna bidiyo, ita ma tana nuna wannan bayani. Abin da na fi cin karo da shi, musamman a fim mai hoto babu murya, shi ne sautin DTS ne, talabijin ɗin kuma ba ta karanta shi. Maganin wannan shi ne a canza sautin kaɗai zuwa AAC ko AC-3, a bar hoton yadda yake, ko ma a ƙara sabon sautin kusa da na asali a cikin MKV ɗaya. Aikin 'yan mintuna ne. Mutum ya sake matse fim na awa uku saboda sauti, garin neman gira ya rasa ido.

Sau da yawa ma ba fayil ɗin ya kamata a taɓa ba. Manhajar da ke zuwa a cikin talabijin rauni gare ta, abin da aka koya mata tun daga masana'anta shi kaɗai ta sani. Ƙaramin akwatin Android da aka sa wa manhajar kallo irin su Kodi ko VLC, ko tsohuwar kwamfuta da aka jona da wayar HDMI, za su kunna DAT da VOB da AVI da MKV ba tare da gardama ba. Kuɗin akwatin nan bai kai darajar kwanakin da za a ɓata ana canza fayiloli ɗari biyar ba. Inda na yarda a sake matsewa wuri biyu ne: idan wuri ya yi ƙaranci ƙwarai kuma fim ɗin ba wanda za a yi kukan rashinsa ba ne, ko idan ana son ƙaramin kwafi na waya. A na biyun ma, na asalin yana nan a ajiye.

Manhajojin da ke mayar da tarin fayiloli su zama rumbu mai hotunan bango da taƙaitaccen labari da sunayen jarumai, sanannu huɗu ne. Kodi ta samo asali ne daga XBMC, wadda aka fara yi don na'urar wasan Xbox ta farko, aka sauya mata suna a 2014. Ita a kan na'urar da ake kallo take zama, ta karanta had-dis kai tsaye. Plex, Emby da Jellyfin kuwa tsarin uwar garke ne: kwamfuta ɗaya tana riƙe da fina-finan, sauran wayoyi da talabijin na gidan suna ɗebowa daga gare ta ta rauta. Jellyfin ta ɓalle daga Emby ne a ƙarshen 2018, kyauta ce gaba ɗaya kuma ba ta buƙatar ka buɗe asusu a wani kamfani. Abin da ya kamata a sani a nan, don na ga yana tsorata mutane: kallo ta wayifai na cikin gida ba ya cin data. Fim daga kwamfutar falo yake tafiya zuwa wayar da ke ɗaki, bai fita waje ba. Data kaɗan ake buƙata lokacin da manhajar ke ɗauko hotunan bango da bayanai.

Ga gidan da wuta ba ta tsayawa, ni Kodi nake ba da shawara a fara da ita. Uwar garke tana son kwamfuta a kunne kullum, kuma idan wayar da ke kallo ba ta iya karanta wani kodek ba, kwamfutar ce za ta riƙa sake matse fim ɗin nan take tana aikawa, aikin da ke sa tsohuwar kwamfuta zafi da haki, batirin inbata kuma ya ji a jikinsa. Wanda ke da sola da iyali masu yawa da kowa ke son nasa kallon a wayarsa, shi Jellyfin za ta yi masa rana.

Duk waɗannan manhajoji abu ɗaya suka dogara da shi, wato sunan fayil. Ba sa kallon fim su gane shi. Suna karanta sunan ne su je rumbun bayanai na intanet, yawanci TMDB, su nemo wanda ya dace. Hausawa sun ce suna linzami, a nan kam haka abin yake ba ƙari. Tsarin da dukkansu suka yarda da shi: kowane fim da foldarsa, folda da fayil su ɗauki sunan fim da shekarar fitowarsa a cikin baka, kamar Don (1978).mkv a cikin folda mai suna Don (1978). Shekarar ba ado ba ce. Masu kallon fina-finan Indiya sun san akwai Don na Amitabh Bachchan na 1978, akwai kuma na Shah Rukh Khan na 2006. Haka Agneepath, akwai na 1990 akwai na 2012. In babu shekara, manhaja za ta zaɓi wanda ta ga dama, ka ga hoton wani a kan fim ɗin wani. Duk tarkacen da ake liƙa wa suna, lambar wayar mai turi, sunan shafin da aka samo, "full HD original", a share su.

Fim ɗin da ya zo a faifai biyu, kamar yadda na VCD suka saba, ana ƙara masa cd1 da cd2 ko part1 da part2 a ƙarshen suna, manhaja ta ɗauke su fim guda. Amma a lura da wani abu da ya keɓanta da fina-finan Hausa: na ɗaya da na biyu, na uku da na huɗu, sau tari labari ɗaya ne aka raba don kasuwa, wani lokaci kuma ci gaba ne da ya fito daga baya. Mai rumbu ne zai yanke hukunci. Ni idan tare suka fito nakan haɗe su, idan da tazara tsakaninsu in ba kowanne foldarsa.

Masu dogon zango dokarsu daban, kuma ba a haɗa su folda ɗaya da fina-finai. Folda mai sunan shirin, a cikinta Season 01, Season 02, sannan kowane kashi a rubuta masa S01E01, S01E02, haka har ƙarshe. S na nufin zango, E na nufin kashi. Sifirin nan na gaba yana da aiki: na'urori da dama idan suka ga 1, 2, 10, 11 sai su jera 1, 10, 11, 2, ka gama kashi na ɗaya a jefa ka na goma. Wannan tsari na gano yana yi wa tafsirin azumi kyau matuƙa, kowace shekara ta zama zango, kowace rana ta zama kashi. Bidiyon biki da suna da walimar sauka kuwa, a fara sunansu da kwanan wata, shekara a gaba, sai wata, sai rana, kamar 2016-03-12, sannan bayanin taron. Da haka da kansu za su jeru bisa tarihi. Kuma a sa su a rumbu na daban wanda aka gaya wa manhaja cewa bidiyon gida ne, in ba haka ba za ta je intanet ta liƙa wa bikin ƙanwarka hoton wani fim ɗin Turawa.

Inda abin ke ci min rai shi ne fina-finanmu na Hausa. Ka rubuta suna daidai, ka sa shekara, manhaja ta je ta dawo hannu rabbana, domin da yawa daga cikinsu, musamman na zamanin kaset da VCD, babu wanda ya taɓa shigar da su TMDB. Masana'antar da ta fitar da fina-finai masu ɗimbin yawa tun daga shekarun 1990, amma rumbunan bayanai na duniya ba su san yawancinsu ba. Mafita ta kusa ita ce fayil ɗin NFO: ƙaramin rubutu ne da ake ajiyewa kusa da fim, ɗauke da suna, shekara, darakta, jarumai da taƙaitaccen labari. Kodi, Emby da Jellyfin duk suna karanta shi. Sai a ɗauki hoton kwalin faifan da waya, a sa masa suna poster.jpg a jefa cikin foldar. Manhajar tinyMediaManager tana sauƙaƙa rubuta waɗannan ba sai an yi da hannu ba. Amfanin NFO bai tsaya nan ba: duk ranar da ka sauya manhaja ko kwamfuta ta mutu, bayananka suna tare da fina-finan a had-dis, ba ka fara daga farko ba.

Mafita ta nesa kuwa, TMDB jama'a ne ke cika shi, duk mai asusu yana iya ƙara fim. Wanda ke da kwalin tsohon faifai a hannunsa, da sunayen waɗanda suka yi aikin a rubuce a baya, yana riƙe da bayanin da wataƙila ba a rubuce yake a ko'ina ba. Minti goma na shigar da shi zai amfani duk wanda ya zo nema bayansa, har da masu bincike a jami'o'i. Sharaɗin kawai a rubuta abin da aka tabbatar, kada a cika shekara da ka.

Sai fina-finan fassara. Mutum yana da fim ɗin Indiya na asali, yana kuma da wanda aka ɗora wa muryar Hausa. A ƙa'ida MKV yana iya ɗaukar sautin biyu a fayil guda, a yi wa ɗaya lakabin hin ɗaya hau, mai kallo ya zaɓa da rimot. A aikace ba kullum yake yiwuwa ba, domin masu fassara sukan yanke waƙoƙi ko wasu fitowa, su ƙara talla, tsawon ya bambanta, murya ta riƙa gaba hoto na baya. Idan tsawonsu bai zo ɗaya ba kada a wahalar da kai. A ajiye su biyun a folda ɗaya, a bambanta su a ƙarshen suna, misali a ƙara " - Hausa" bayan shekarar. Jellyfin tana gane wannan ta ba ka zaɓi a ƙarƙashin hoto guda. Haka ake yi wa fim mai kwafi biyu, na 1080 da na 4K.

Rubutun fassara na ƙasan allo yakan zo a fayil ɗin SRT. Dole sunansa ya zama daidai da na fim harafi da harafi, sai a ƙara lambar harshe kafin srt: ha na Hausa, ar na Larabci, en na Turanci, fr na Faransanci. Ga masu rubuta fassarar Hausa da kansu, a adana fayil ɗin da tsarin UTF-8, in ba haka ba ƙ da ɗ da ɓ za su koma alamar tambaya ko wasu akwatuna a kan allo. A sunan fayil kuwa, ni nakan haƙura da haruffa masu ƙugiya, ba don ba na son su ba sai don tsofaffin talabijin da dikoda suna tuntuɓe da su. Cikakken suna da ƙugiyoyinsa a NFO nake rubuta shi, shi ne kuma wanda ke fitowa a allo. Windows kuma ba ya karɓar wasu alamomi a suna, irin su ɗigo biyu na sama da ƙasa, alamar tambaya da tauraro.

Manyan foldoji kada su yi yawa. Na Hausa, na Indiya, na sauran ƙasashe, masu dogon zango, na addini, na gida, na yara. Ba sai an raba na soyayya da na faɗa da na ban dariya ba, manhaja tana yin wannan da kanta daga bayanan da ta ɗauko, kuma fim ɗaya yana iya zama duka ukun. Na yara ne kawai nake dagewa a ware da hannu. Manhajojin suna iya tace fina-finai bisa shekarun da aka ƙayyade musu, amma wannan ƙayyadewa ta hukumomin wasu ƙasashe ce da ma'auninsu, kuma fim ɗin da babu bayaninsa ba shi da wata alama da za a tace shi da ita. A buɗe wa yara asusunsu wanda foldarsu kaɗai yake gani, abin da ke ciki kuma iyaye ne suka kalla suka zuba.

Idan an zo cire maimai, wato fim ɗaya kwafi uku, kada lambar 1080 ta ruɗe ka. Akwai fayilolin da aka ɗauko daga VCD aka buɗa su aka rubuta musu 1080, girma ya ƙaru amma hoton na jiya ne, har ya fi muni. Abin dubawa shi ne yawan bayanan da ke wucewa a kowace daƙiƙa, sannan ido. Ga lissafi mai sauƙi: fim na awa biyu da ke tafiya a megabit 5 cikin daƙiƙa zai kai kimanin giga huɗu da rabi. Idan ka ga na awa biyu mai cewa 1080 amma bai kai rabin giga ba, ka san an matse shi har ya fita hayyacinsa. Wanda ya biyo ta WhatsApp a matsayin bidiyo shi ma an rage shi a hanya. A buɗe kwafin biyu a wuri ɗaya mai duhu ko mai saurin motsi, nan ne aibin matsi ke bayyana.

Had-dis ɗin kansa yana da nasa sharaɗi. Filas da memori da yawa suna zuwa da tsarin FAT32, wanda ba ya karɓar fayil guda da ya kai giga 4, ko da akwai sarari fal. Wanda ya taɓa ganin kwamfuta ta ce fayil ya yi girma alhali filas ɗin babu komai, dalilin ke nan. NTFS da exFAT ba su da wannan matsala, sai dai a duba wanda talabijin ko akwatin gidan ke karantawa kafin a zuba kaya, domin sauya tsari ta hanyar fomat yana share komai. Kada kuma a yi mamaki idan had-dis na tera ɗaya ya nuna giga 931 a Windows, bambancin lissafi ne, ba cuta aka yi ba.

Abin da ya fi tsaya min a rai a had-dis ɗin ƙanena ba fina-finan ba ne. A cikin wata folda mai suna "old" na samu bidiyon bikin yayarmu, wanda aka kwafo daga faifan da tuni ya karce, kuma a ciki akwai dattawan gidanmu da yanzu ba sa raye. Kwafi ɗaya tak, a kan had-dis mai juyawa, a gidan da ake ɗauke wuta ba sallama, ga ƙurar hunturu ga zafin bazara. Had-dis yana mutuwa, wani lokaci ba gargaɗi, ɗaukewar wuta yana tsakiyar rubutu kuma tana iya lalata fayiloli. Fim ɗin kasuwa in ya ɓata ana iya sake saye, kuma sayen daga hannun masu shi ya fi, don waɗanda suka zuba kuɗinsu suka shirya shi su ma su ci guminsu. Bidiyon gida ba shi da kasuwa. Masu harkar ajiya suna da ƙa'idar kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a wani wuri daban. Ba kowa ke da halin yi wa tera biyu haka ba, amma foldar gida yawanci ba ta da girma, filas mai kyau da kusurwar wata kwamfuta sun ishe ta. Irin waɗannan kuma ba a sake matse su ko da wasa. A juye su cikin MKV in ana so, a bar hoton yadda mai kyamara ya ɗauko shi.

Aikin ya ɗauke mu ƙarshen mako uku, kusan duk a kan gyaran suna, muna buɗe fayil muna kallon farkonsa don mu gane ko wane ne. Fayilolin da sai da aka taɓa cikinsu ba su kai ashirin ba, yawancinsu kuma sauti ne kawai aka canza. Na buɗe masa wata folda mai suna "Sababbi" a saman had-dis ɗin, duk abin da ya shigo nan zai fara sauka, ba ya wucewa rumbu sai an duba shi an raɗa masa suna, tun ran gini ran zane. Bidiyon bikin kuwa yanzu kwafi uku ne: ɗaya a wurinsa, ɗaya a wurina, ɗaya mun kai wa yayar tamu a filas.